Yadda ake saita bindigar iska ta riƙa bugun inda ka auna, da batun zaɓen harsashi

Bara warhaka, shinkafa ta fara nuna a fadamarmu ta wajen Auyo, ƙanena ya shigo min gida da bindigar iska irin mai karyawa ɗin nan, wadda ake lanƙwasa bututunta a ɗana ta a sa harsashi, yana ta faɗa wai an cuce shi. Ya ce Yaya wallahi bututun a karkace yake, gafiya na zaune a gindin rumbu kamar ta biya kuɗin haya, na harba sau uku ko gezau ba ta yi ba. Na karɓa na jujjuya ta, na sa sukundireba a sukurorin da suka haɗa ƙarfen da katakon, biyu daga ciki sai da suka yi kusan zagaye guda kafin su kama. Na ce to nuna min harsashin, sai ya zaro wata leda daga aljihu, iri uku a cakuɗe, wasu ma duk sun lotse saboda zama da makulli. Toh tun daga nan na san inda matsalar take, kuma abin da muka yi a kwana biyun da suka biyo baya shi zan zayyana muku a nan.

Amma takarda tukuna. Da yawa a ƙauye gani suke tunda ba ta cin albarushi ai kayan wasan yara ce, a'a. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindiga gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, irin na sojoji da fistol. Akwai na amfanin kai, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, kuma bindigar iska a wannan layin take tare da bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu. Sai irin namu na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, su adaka, wannan kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisi. Wanda bai kai shekara 17 ba ma ba a ba shi. Ga halin da ake ciki na tsaro, a gan ka da abu mai kama da bindiga a kan mashin ba takarda, kafin ka gama bayanin cewa ta iska ce ka sha wahala. Ka je ofishin 'yan sanda na yankinku ka tambayi yadda ake ciki, kuma mai unguwa da dagaci su san kana da ita.

Wurin gwaji

Nemi wurin da bayansa tudun ƙasa ne, irin ramin da aka ɗebi ƙasar gini ko gefen busasshen kududdufi. Ba jikin bulo ba, ba dutse ba, ba langa-langa ba, don harsashi na dawowa. Kan ruwa ma haka yake tsalle kamar yadda yara ke jifa da tsingaro, saboda haka masu gonar shinkafa a kula. Ɗan ƙaramin abin nan da kake rainawa in ya tashi sama yana iya wuce mita 300, kuma yana fasa ido, yana kashe yaro. Su kuwa yara da sun ji tas ɗaya za su taru kamar ƙuda, ka sa babba ɗaya ya tsare su a bayanka, in ba wanda zai tsare to a bari sai sun tafi makaranta.

Kayan aiki ba wasu masu tsada ba ne: kwalin indomi ko na sabulu, maka ko biro, tef ɗin tela, ƙaramin buhu da ka cika da yashi ko dusa, benci ko turmi a kife, sai littafin rubutu irin na 'yan firamare. Littafin nan shi ne mutane ke rainawa kuma shi ya fi komai aiki, za ka ga dalili.

Mataki na farko, duba bindigar kanta

Sukurori tukuna. Bindiga mai sifirin a ciki, irin wannan mai karyawa, duk harbi sai ta girgiza gaba da baya, a hankali take kwance kanta. Yawanci biyu ne a gaba, hagu da dama, sai ɗaya ko biyu wajen kunama. Ka ɗaure su kama, ba ɗaurin da za ka fasa katako ba. Sannan karya bututun ka kalli 'yar robar da ke zagaye da ramin sa harsashi, in ta tsage ko ta lafe iska na zurarewa ta nan, yau harbi da ƙarfi gobe ba ƙarfi. Gwajinta mai sauƙi ne, ɗora ɗan siririn tishu a kan mahaɗar ka harba cikin tudun, in ya tashi sama to tana zuba, a canja.

Batun mai, nan ne ake kashe bindigogi. Kar ka ɗiga baƙin mai ko man keken ɗinki ko man gyaɗa a ramin da iska ke fitowa. Fistin ɗin ciki yana matse iska da sauri har ta yi zafi, man sai ya kama wuta kamar yadda injin gas yake yi, ka ji ƙara tau da hayaƙi kana murna wai ta ƙara ƙarfi, alhali robar fistin ce ke ƙonewa sifirin kuma na shirin karyewa. Man silikon ake sa wa, ɗigo ɗaya ko biyu, shi ma ba kullum ba. Jikin ƙarfen na waje shi ne za ka goge da tsumma mai ɗan mai saboda tsatsa, musamman da damina. Cikin bututu kuwa zaren kamun kifi za ka ɗaura wa ɗan ƙyalle ka ja daga gindi zuwa baki, kar ka zura wayar keke, akwai wasu siraran layuka a ciki masu murɗa harsashi yana juyawa, in ka karce su musamman a bakin bututu shi ke nan.

Abu uku da ba a yi: ba a harba ta ba harsashi a ciki, ba a barin ta a ɗane ta kwana, kuma ba a sakin bututun lokacin da kake sa harsashi, hannunka ɗaya ya riƙe shi gam, don in kunama ta kuɓuce bututun zai dawo da ƙarfi ya datse maka yatsa, shi ma ya lanƙwashe. In sabuwa ce kar ka yanke mata hukunci da wuri, sai ta ci harsashi ɗaruruwa kafin ta nutsu.

Mataki na biyu, riƙo

Nan ne na sha gardama da Kawu, tsohon maharbi ne, da adaka ya tashi. Ya ga ina koya wa ƙanena ya sassauta hannu sai ya ce kai ɗan nan, bindiga ai danne ta ake a kafaɗa, so kake ta cire mishi haƙori? Na ce Kawu Allah ya ja kwana, taku ce ke harbin kafaɗa, wannan halinta daban. Mai sifirin tana fara motsi tun harsashi bai bar bututu ba, to in yau ka matse gobe ka sassauta, motsin ya bambanta, inda harsashi zai faɗa ma ya bambanta. Dabarar ita ce ka bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kullum. Ɗora gaban katakon a tafin hannunka a buɗe, ba ka damƙe ba, bayan hannun kuma a kan buhun yashi. Kar ka ɗora katakon kai tsaye kan abu mai tauri, bututun kuwa kar ya taɓa komai sam. Gindin ya taɓa kafaɗa kawai, kumatu ya kwanta a wuri ɗaya. Ni har ɗan salatif nake liƙawa inda tafin hannu ke zama don kar in manta.

Ka san idon da ya fi ƙarfi a cikin naka. Miƙa hannu ka rufe wani abu mai nisa da babban yatsa idanu biyu a buɗe, sai ka rufe ido ɗaya-ɗaya, wanda yatsan bai gusa ba shi ne naka. Ja numfashi, saki rabi, tsaya. Kunama da tsokar kan yatsa ake jan ta, a hankali kamar kana matsa nunanniyar tumatir ba ka son ta fashe, ba fizga ba. Bayan ta tashi kar ka ɗaga kai don ganin inda ta buga, ci gaba da kallon saiti kamar daƙiƙa biyu. Ƙanena wannan ɗaga kan shi ne babban ciwonsa.

Mataki na uku, kuma shi ne gaba ɗaya maganar

Kar ka taɓa saiti tukuna. Na sake faɗa, kar ka taɓa. Abin da mutane ke yi shi ne su harba ɗaya, su ga ta yi hagu, su murɗa, su sake harbawa ta yi dama, su murɗa, har magariba suna bin harsashi kamar mai bin fara, ƙarshe a ce bindiga ba ta da kyau.

Yi ɗigo a kwali kamar girman ƙwayar wake, auna mita 10 da tef, ba da taku ba. Harba biyar kana auna ɗigon nan, duk inda suka faɗa ba ruwanka. Abin da kake nema su taru wuri ɗaya, ko da can gefen kwalin ne. Je ka auna tsakanin huji biyun da suka fi nisa da juna, daga tsakiya zuwa tsakiya, rubuta a littafi. In marfin kwalbar lemo zai rufe duka biyar ɗin a mita 10 ka kama hanya, in sun watsu kamar an watsa wa kaji tsaba to matsala na wajen riƙo ko sukuru ko harsashi, kuma murɗa saiti ba zai gyara ko ɗaya ba. Yadda suka watsu ma yana magana, in sun jeru sama da ƙasa yawanci numfashi ne ko wurin ɗora hannu ke canjawa ko iska na zuba, in hagu da dama ne ka zargi yatsanka ko iskar gari.

Don ka san inda duniya ta kai, a gasar Olamfik ma mita 10 ake harbi da bindigar iska, a tsaye ba jingina, kuma ɗigon tsakiya da suke nema rabin milimita ne. Mu dai marfin lemo ya ishe mu.

Mataki na huɗu, harsashi

Girma biyu ne suka fi yawa, .177 wato milimita 4.5, da .22 wato milimita 5.5, a rubuce yake a jikin bututu. Ƙaramin ya fi gudu kuma tafiyarsa ta fi miƙewa, babban ya fi nauyi da duka amma yana saurin sunkuyawa. Na dalma ne, da ƙugu a tsuke da ɗan siket a baya mai rami, siket ɗin ne iska ke buɗawa ya kama bututu, shi ya sa wanda ya lotse ba ya zuwa daidai.

Kai kuma iri-iri ne. Mai faɗin kai na huda takarda ne a kusa, da ya wuce mita ashirin sai ya fara rawa. Mai tsini shi ne ke ruɗar mutane a kasuwa saboda kama da mashi, amma in tsinin ya ɗan kauce daga tsakiya ko yaya, kuma a masu araha haka yake, sai ya bauɗe. Mai rami a kai na kusa ne. Ni a ganina mai zagayen kai kamar ƙoƙo shi ne na aiki, shi za ka fara gwadawa. Nauyin ana rubuta shi da wani awo wai shi giren, ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, na .177 yawanci wajen 8 ne, na .22 wajen 14 zuwa 16. Kar gudun da ake rubutawa a kwalin bindiga ya ɗauke maka hankali, da harsashi mara nauyi suke gwadawa, shi kuwa irin wannan harsashin da ya kusa gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, sai ya rikice. Gara mai ɗan nauyi da ke tafiya a natse.

Sunayen da aka sani su ne JSB na ƙasar Cek, H&N da RWS na Jamus, Gamo na Sifen, Crosman na Amurka. Amma ko wane bututu da abincinsa, bindiga biyu kamfani ɗaya sai ka ga wannan na son wani waccan ba ta so. To ka samo iri biyu ko uku, ko rabawa ku yi da abokai. Kowane iri ka fara harba kamar goma a banza don bututu ya saba da dalmarsa, sannan ka yi biyar-biyar sau uku a sabon ɗigo, ka auna ka rubuta. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in ka canja harsashi kar ka canja nisa ko zama. Wanda ya fi taruwa shi ne naka, ka tsaya a kansa.

Dan Allah kar a riƙa sa harsashi a baki, na ga masu yi wai don saurin ɗurawa. Dalma guba ce, ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan da ake haƙar zinare. Wanke hannu kafin cin abinci, gwangwanin kuma a ɓoye shi inda yara ba sa kaiwa, naman da aka harba a cire harsashin da ɗan abin da ke kewaye da shi.

Mataki na biyar, yanzu ka murɗa

Sun taru? Madalla. Nemo tsakiyar taron, auna nisansa da ɗigo, sama ko ƙasa nawa, gefe nawa. In saitin ƙarfe ne ƙa'idar ɗaya ce, saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma, yana bugun ƙasa ka ɗaga shi, yana bugun hagu ka tura shi dama. Kaɗan-kaɗan, sai ka sake biyar.

In madubin hangen nesa ne da ake ɗorawa a kan bindiga, ka tabbata wanda aka yi don mai sifirin ne, don girgizarta gaba da baya tana lalata madubin da ko a babbar bindiga yake lafiya. Akwai maɓalli biyu, na sama an rubuta UP, na gefe R ko L. In kana murɗa su za ka ji suna ƙas-ƙas, yawancinsu ƙas ɗaya yana gusar da harsashi wajen milimita 7 ne a mita 100, kaga a mita 25 bai kai milimita 2 ba, a mita 10 kuwa ko ɗaya bai kai ba, shi ya sa wasu ke murɗa uku su ce ba ya aiki. Misali a mita 25 taronka ya yi ƙasa da santimita 3, hagu da santimita 2, to wajen ƙas 16 ko 17 za ka yi sama, 11 dama. Fara daidaitawa a mita 10 don dai ka hau kwali, sannan ka koma 20 ko 25 ka yi na gaskiya, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya lokacin da iska ta kwanta. Da hunturu in iskar nan ta gabas ta taso ka haƙura kawai.

Bayan nan sai ka kafa kwali a mita 10, 15, 20, 30, ka harba kana auna tsakiya ba tare da ka taɓa komai ba, ka rubuta inda kowanne ya faɗa. Za ka ga da madubi a kusa sosai ƙasa take bugu saboda madubin na sama da bututu, a tsakiya ta ɗan hau, can gaba ta sunkuya. In kana harbi sama kan bishiya kuma tana bugun sama da inda ka saba. Iyakar nisanka shi ne inda har yanzu biyar ɗinka ke shiga marfin lemo, abin da ya wuce nan raunata dabba kawai za ka yi ta je ta mutu a rami. Ka yi bisimilla kafin ka saki, in ka tarar da rai ka yanka. Jan-baki kuwa kar ka ɓata harsashinka, dubbai ne, ba aikin bindiga ba ne. Dajin Baturiya da Falgore an hana farauta, tsuntsayen da ke zuwa fadamun Haɗeja daga Turai ma a bar su su huta.

Masu tambayar cika kwanso

Akwai samari da ke ganin bidiyon Turawa a YouTube suna sake cika kwanson harsashi a garejinsu, suna tambaya ko za a iya a nan. Abin da suke yi shi ne, harsashin babbar bindiga abu huɗu ne, kwanson tagulla, ɗan maɓallin gindi mai tada wuta, albarushi, da kan da ke fita. Kwanson ne mai tsada kuma ana iya sake amfani da shi, to a Amurka doka ta yarda mutum ya sayi injin matsawa na kamfani irin RCBS ko Lee ko Hornady, da sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, da littafin awo da kamfani ya gwada a ɗakin bincike. Suna yi don rangwame, da kuma neman haɗin da bututunsu ya fi so, kamar dai gwajin da muka yi a sama.

A Najeriya wannan dokar ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ba, aikin irin su masana'antar tsaro ta DICON ne da ke Kaduna tun 1964. Ɗauri ne, ba tara kawai ba, don haka ba zan kawo awo ko hanya ba. Kuma ko ba doka, albarushin zamani mara hayaƙi da Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884 ba irin baƙin albarushin adaka ba ne, ƙarfinsa ya ninka, wanda ya farke harsashin zamani ya juye a bindigar maƙera bututun ne zai tarwatse a fuskarsa. Kawu da kansa ya ce ya san masu yatsu uku ta dalilin haka. Haka masu bindigar iska irin ta tulu da ake bugawa iska mai matsi sosai, wajen 200 a awon matsi da ake kira bar, iskar famfonta kawai ake sa mata, kar wani ya ce zai cika maka da iskar masu walda, bam ka ɗauka.

Abin da za ka iya ɗauka daga wajensu shi ne tantancewa. Juye gwangwani a kan farin ƙyalle, ware duk mai lotsattsen siket ko mai tabo a kai, waɗannan na wasa ne. In akwai garin dalma a jiki ka wanke da ruwan omo a roba da ba a cin abinci a ciki, shanya su bushe sarai. Masu sikelin awon zinare har aunawa suke su kasa su gida-gida. Sa ɗan soso a gwangwani don kar su riƙa karo a kan mashin, na aljihu kuma a ƙaramin kwalin ashana da auduga.

Ƙanena dai a rana ta biyu, da mai zagayen kai, biyar ɗinsa suka shiga marfin lemo a mita 20, a 30 kuma suka buɗe kamar tafin hannu, sai muka rubuta 20 da maka a cikin marfin gwangwanin, da sunan harsashin da ranar. Duk sati biyu yana bin sukurorin nan da sukundireba, in ya sayi sabon gwangwani ko da irin wancan ne sai ya koma ramin ƙasa ya harba biyar a kwali kafin ya nufi rumbu.